Shekarar da Alfadarin Kwaleji Ya Yi Ƙiba

Idan ana lissafa mutanen da suka yi wa Kwalejin Pruitt hidima, ba a saka Elbert Stroup. Akwai ɗakin karatu mai sunan wani likita, akwai ɗakin cin abinci mai sunan matar wani mai banki, shi kuwa Elbert ko famfon bayan fili ba a laƙaba wa sunansa ba. Amma ka tare duk wani mai furfura a garin nan namu ka ce masa "Elbert", kafin ka rufe baki zai ce, "Mai alfadari?" Daga nan sai ya ja tsaki, ya nemi wurin zama, don labarin ba na tsaye ba ne.

Elbert gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da gwiwa ɗaya da ya dawo da ita daga yaƙi tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Aikin da aka ɗauke shi dominsa shi ne kula da filin ƙwallo, irin ta Amurka da ake runguma a hannu a ruga da ita: ya yanke ciyawa, ya shata layuka da farar ƙasa, ya buga ƙusa a bencin 'yan kallo inda ta fita. Aikin da ya cinye masa rayuwa kuwa, Sanata ne.

Sanata alfadari ne, baƙi wuluk, mai farin baki. Ɗalibai suka sa masa sunan, wai don yana ci da kyau, yana da murya, kuma ba wanda ya taɓa kama shi yana aiki. Ba mallakar Pruitt ba ne, ba kuma na Kwalejin Vandry ba, wadda ke mil talatin gabas da mu. Na wanda ya ci wasan ƙarshe ne. Tun zamanin kakanni haka ake yi a wannan yanki na Missouri. Wani manomi ne mai 'ya'ya biyu, ɗaya nan ɗaya can, ya gaji da gardamarsu a teburin cin abinci, ya ce to ga alfadari nan, duk kwalejin da ta doke 'yar uwarta a ƙarshen kaka ta riƙe shi har baɗi. In an yi kunnen doki, yana nan inda yake. Manomin ya mutu, alfadarin ya mutu, aka sayi wani, gardamar ce kaɗai ta ƙi mutuwa. Sanata ne na huɗu, kuma tun yana ɗan tsiriri aka miƙa wa Elbert ragamarsa. Shekara goma sha ɗaya Pruitt na lallasa Vandry, shekara goma sha ɗaya Elbert na kwasar kashin Sanata.

Kashin ba shi ne damuwarsa ba. Gudun ne. Al'ada ce duk lokacin da yaranmu suka tsallaka layi da ƙwallo, suka yi bugun ƙari aka gama, sai 'yan badujala su kece da kiɗa, mai kula da alfadari ya ja shi da gudu su zaga fili sau ɗaya, jama'a na ihu. A shekarun da Pruitt ke da ƙarfi, akwai Asabar ɗin da Elbert ya zaga har sau takwas. Ya koma gida yana jan ƙafa, matarsa Nadine ta ɗora ruwan zafi.

"Ki duba fa," in ji shi, ƙafarsa cikin baho. "Mutum da shekarunsa, da 'ya'yansa da suka yi aure, a ce sana'arsa tsere da jaki."

"Alfadari ne."

"Ke ma kin koma jam'iyyarsa?"

"To ka ajiye aikin mana. Wa ya riƙe ka?"

"Zan ajiye! Ranar Litinin ɗin nan zan je in zubar musu da igiyarsu a ofis."

Nadine ta ƙara masa ruwan zafi. Ta ga Litinin da yawa sun zo sun wuce. Ta kuma san wanda ke rage tuffa a kwandonta kowace safiya yana cusawa a aljihun kwat.

Sai shekarar 1961 ta zo. Tsohon mai horar da 'yan wasa ya yi ritaya ya koma kamun kifi, manyan 'yan wasan nan masu wuya kamar na bijimi duk suka gama karatu a shekara guda, aka bar mu da abin da aka bar mu da shi. Sabon mai horarwa, Delmar Hutto, saurayi ne mai ladabi, mai tsabtar riga, wanda ko karen maƙwabci ba ya iya yi wa tsawa. Yaran da ya tarar kuwa, in sun sa kwalkwali sai ka rantse kwanon wanka aka kifa a kan tsintsiya.

Wasan farko aka ci mu talatin da huɗu ba ko ɗaya. Gari ya yi tsit. Mutum ɗaya ne ya koma gida yana fito. Elbert ya kife bokiti a gefen fili ya zauna tun daga usur na farko har na ƙarshe, ya sha kofinsa da zafinsa, Sanata na kiwo a gefensa.

"Yau ce rana ta farko da na ji daɗin ƙwallo," ya ce wa Nadine. "Wannan yaron Hutto, Allah ya ja zamaninsa. Mutumin kirki ne."

Wasa na biyu, ashirin da bakwai ba ko ɗaya. Na uku, har mai rubuta maki a allo sai da ya aika a aro masa lambobi. Gwiwar Elbert ta daina ƙara. Sanata ya fara sheƙi, cikinsa ya sauko, in ya juya sai gefe ɗaya ya riga ɗaya isowa. A shagon aski ana ta jimami, Elbert yana kan kujera da kumfa a fuska yana ba mutane haƙuri, wai ai wasa wasa ne, lafiyar jiki ita ce kan gaba.

Nadine ce ta fasa masa ƙwan. Wata safiya tana soya masa ƙwai, bayanta gare shi, ta ce, "Elbert, wasan ƙarshe da wa za a buga?"

"Da Vandry mana. Yau kika zo garin?"

"Su nawa suka ci bana?"

"Ina ruwana? Na ji an ce ba su faɗi ko ɗaya ba."

"To."

Ta ajiye masa farantin. Ya ɗauki cokali, ya kai rabin hanya, ya tsaya. Ƙwan nan har ya huce bai taɓa shi ba.

"Ai sai ka huta," in ji ta. "Ba kai ke neman ranar Litinin ba? Ga ta nan tafe da ƙafarta."

"Wa ya ce miki na damu? Su ɗauke shi! Su zo yau ma! In ga wanda zai iya da shi." Ya miƙe ya zari hularsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Ko bargar kirki ba su da ita a Vandry. Rufin kwano ne. Kin san yadda yake firgita da ƙarar ƙanƙara a kan kwano?"

Daga ranar Elbert Stroup ya fara kallon ƙwallo. Abin dariyar shi ne, duk shekarun nan da ya yi a bakin fili bai taɓa sanin yadda ake wasan ba. Idonsa na kan ƙafafun baya na Sanata, kunnensa na jiran badujala. Yanzu da ya juyo ya fuskanci fili, abin da ya gani ya kusa sa masa hawan jini. Ya ga yaro ya jefa ƙwallo ga wanda ba rigarsu ɗaya ba, har yana ɗaga masa hannu kamar zai ce a sauka lafiya. Ya ga biyu sun bi mutum ɗaya, mutumin ya kauce, sun gwara kai sun zube. Ya ga wani ya samu ƙwallo, ya rungume, ya runtse ido, ya zura da gudun da ba a taɓa gani ba a Pruitt, zuwa layin gidansu maimakon na abokan karawa. 'Yan uwansa ne suka bi shi suka kayar da shi, kuma shi ne kamu mafi kyau da suka yi a kakar nan kaf.

Ranar Talata ya ajiye injin yankan ciyawa a tsakiyar fili ya tunkari mai horarwa.

"Koci, ina da magana."

"Ina jin ka, Mista Stroup."

"Wancan ƙaton, mai kama da firiji. Wa sunansa?"

"Dewey Klepper."

"Me ya sa ba ka ba shi ƙwallon? Wa zai iya kayar da shi? Sai dai a kira motar janwe."

"Shi ɗan tare gaba ne, Mista Stroup. Ba shi ake miƙa wa ƙwallo ba."

"Wa ya hana?"

"Tsarin wasan ke nan."

"To me ya sa kuke ciyar da shi? Na gan shi jiya a ɗakin cin abinci, kaza biyu ya kai ƙasa yana leƙen ta uku."

Hutto ya cire hularsa ya share goshi. Ya rame, idonsa ya faɗa. "Muna iya ƙoƙarinmu. Yaran suna da zuciya."

"Zuciya! Kaza ma tana da zuciya, Koci, shi ya sa ake samunta a miya. Ni maki nake nema. Ba don kaina ba," ya yi saurin ƙarawa, "don martabar makaranta."

Aka ci gaba da faɗuwa. An ci mu a gida, an ci mu a waje, an ci mu cikin ruwan sama, an ci mu rana tsaka da iyaye suka zo ziyara da sababbin huluna. Wata makarantar koyon aikin fasto, wadda yaranta ke neman gafara in sun ture ka, ita ma ta zo ta ɗebi rabonta. Har aka kai wasa takwas Pruitt ba ta saka maki ko ɗaya a allo ba. 'Yan badujala suka manta da waƙar nasara, suna zuwa da littattafansu suna bitar jarrabawa. Faston majami'armu da farko yana roƙon nasara, daga baya ya sauko yana roƙon a tashi lafiya, ƙarshe ya koma wa'azi a kan haƙurin Ayuba mako uku a jere.

Elbert ya gwada wata hanyar. Ya sa kwat ɗin zuwa majami'a ya je wurin shugaban kwaleji, Dakta Whitsett, ya tsaya yana murza hula.

"Dakta, Sanata ba shi da lafiya. Ba zai iya tafiyar mil talatin ba."

Dakta Whitsett ya leƙa ta taga. Daga nan ana hango barga, ga Sanata can ya zura kai ta saman shinge yana cinye furannin matar shugaban.

"Me ke damunsa?"

"Ciki ne. Ba ya nunawa a waje."

"Ni kuwa na ga yana nunawa sosai."

"To Dakta, ko mu samo wani? Akwai wani baƙin alfadari wurin surukina, in aka shafa masa farar ƙasa a baki ko uwarsa..."

"Mista Stroup." Dakta ya cire tabarau. "Mun riƙe dabbar nan shekara goma sha ɗaya muna yi musu gwalo. In sun ci, za mu miƙa ta hannu bibbiyu. Kuma ba kai ne kake tare ni duk shekara a bikin Kirsimeti kana cewa a raba ka da ita ba?"

"Wannan ai hira ce ta biki," in ji Elbert.

Ana sauran 'yan kwanaki wasan, yana cikin barga yana goge Sanata, sai ga akori-kura koriya ta tsaya. Wani dogo ya fito yana ɗingishi, da magwajin tela a wuya. Virgil Amsden ne, mai kula da filin Vandry. Tare suka yi firamare, kuma tun a can ba sa ga maciji.

"Elbert! Ashe kana nan da rai. Na zo auna ɗan haya."

"Fita mini daga barga."

"Haba, minti biyu ne. Ƙofarmu ce nake tsoron ba za ta ɗauke shi ba." Ya zagaya Sanata yana fito. "Kai! Me kuke ba shi? Ko 'yan wasan ya cinye? Don na duba fili ban ga kowa ba."

"Matsa ta bayansa ka auna da kyau, Virgil. Ka sunkuya sosai."

"Mun saya masa sabon bargo, kore, da sunansa a jiki. Matan garinmu suka ɗinka."

"Kore ba ya karɓarsa."

"Ja ma ai bai karɓe ku ba bana."

Elbert ya raka shi mota da cebur a hannu. Da ƙurar ta lafa, ya dawo ya tsaya gaban Sanata. "Kai kuma ka tsaya kamar gunki ana auna ka! Ni in na zo da buroshi sai ka nemi haƙarƙarina. Munafuki." Ya ciro tuffa ya miƙa masa.

Ranar wasan gari ya waye da yayyafi mai sanyi, irin mai shiga ƙashi. Fili ya zama kunu. Duk da haka benci ya cika, rabi kore rabi ja, don mutanen Pruitt sun ce in za a ɗauke alfadarin, gara a ɗauke shi a gabansu. 'Yan Vandry har da tirelar dabbobi suka zo, suka ajiye ta inda kowa zai gani, an ɗaura mata ƙyallaye kamar motar biki.

Ba a jima da farawa ba Vandry ta tsallaka layi, ta yi bugun ƙari, bakwai ba ko ɗaya. Kowa ya ce to, an fara. Amma sai taɓon nan ya shiga tsakani. Masu gudun Vandry suka riƙa zamewa, namu kuwa da ma a ƙasa suka saba wuni, ba abin da ya sauya musu. Aka je hutu bakwai ba ko ɗaya. Aka dawo, aka yi ta birgima, riguna suka koma launi guda, har alƙalin wasa sai ya goge wa yaro ƙirji kafin ya san na wane ne. Elbert bai zauna a bokiti ba. Yana tsaye ya naɗe igiya a hannu har yatsunsa suka yi fari, yana zagin duk wanda ya gifta, nasu da namu.

Ana gab da tashi abin ya faru. Ɗan Vandry ya zo jefa ƙwallo, ta suɓuce masa saboda santsi, ta yi sama, ta sauko daidai cikin hannuwan Dewey Klepper. Dewey ya tsaya yana kallonta kamar an miƙa masa jaririn wasu.

"Gudu, firiji!" Muryar Elbert har bayan gari. "Can! Can! Ba nan ba, ɗan nema, can!"

Dewey ya juya ya kama hanya. Ba gudu ba ne a gaskiya, tafiya ce irin ta motar katako a hawa. 'Yan Vandry uku suka ɗafe masa, ɗaya a wuya biyu a ƙugu, ya tafi da su duka kamar masu neman a rage musu hanya. Ya isa layi, ya tsallaka, ya faɗi rub da ciki.

Maki shida! Na farko a shekarar. Bakwai da shida, saura bugun ƙari, maki ɗaya tak, a yi kunnen doki Sanata ya kwana a gida. Bugu ne na kurkusa, wanda ko Nadine za ta iya da takalmin majami'a. Abin da ya rage kawai kowa ya tsaya inda yake na ɗan lokaci.

Elbert bai tsaya ba. Mutumin da ya fi kowa a duniya sanin cewa sai an gama bugu ake zagaye, mutumin da ya sha hararar 'yan badujala in sun yi gaggawa, shi ne ya wurgar da hula, ya fizgi igiya, ya zura da gudu yana ihu kamar ɗan shekara goma.

Sanata ya bi shi taku kaɗan don mamaki. Sai ya tuna rabonsa da gudu tun bara, kuma bai ga dalilin da zai sa a dawo da wannan bidi'a ba. Ya karya kwana ya shiga fili, yana jan Elbert a baya. Ya ratsa tsakanin yaran da suka jeru don bugu, ya isa daidai inda ake dasa ƙwallo, ya shinshina taɓon wurin, ya ga ya yi masa. Ya durƙusa, ya kwanta, ya juya ƙafafu huɗu sama ya shiga birgima.

"Tashi! Tashi don girman Allah! Sanata! Ɗan albarka, tashi! La'ananne!"

Ya ja, ya tura, ya roƙa, ya ciro tuffa. Sanata ya karɓi tuffar a kwance. 'Yan Vandry dariya har wasu na faɗowa daga benci. Alƙalin wasa ya tsaya yana kallo, hannunsa a ƙugu, sannan a hankali ya zaro ƙyallensa na nuna an yi laifi ya jefar.

"Na mene ne?" in ji Koci Hutto, karo na farko da aka ji ya ɗaga murya.

"Ɓata lokaci da shigo da dabba fili. Ku ja baya yadi goma sha biyar."

"Ai ba ɗan wasanmu ba ne!"

"Bargon wa ke jikinsa?"

Sai da Dewey da mutum huɗu suka sa hannu aka tashe shi. Mai bugunmu, wani siririn yaro da tun farkon kaka ba a taɓa bukatarsa ba, ya zo yana rawar sanyi. Ya ja baya, ya zo, ya buga. Ƙwallon ta tashi da kyakkyawar niyya, ta miƙe sak tsakanin sanduna, sai ƙarfinta ya ƙare. Ta faɗo cikin taɓo, saura ƙiris. Da daga wurin farko ne, da ta wuce har titi.

Bakwai da shida aka tashi.

Elbert da kansa ya ja Sanata zuwa tirela. A ransa yana da sauran fata guda: ya san halin dabbarsa, ba ta shiga mota sai an yi yaƙi. Virgil ya sauke ƙofa, ya yi ɗan fito. Sanata ya haye ciki kamar wanda ya daɗe da yankar tikiti, ko waiwaye bai yi ba.

"Ba ya cin hatsi in ya jiƙe," in ji Elbert, yana kallon taya. "Kuma kada ka zo masa ta hagu. Kuma ɓarawo ne, maƙaryaci, ka ga dai abin da ya yi mini."

"Na gani," in ji Virgil. "Duk jihar ta gani."

Sanyin shekarar ya yi wa Elbert tsawo. A shagon aski ba mai ce masa komai, sai dai da ya shigo wani ya yi kukan alfadari ƙasa-ƙasa. A gida kuwa ya ja kujerarsa kusa da tarho. Ya tabbata za a kira. Za a ce Sanata ya ƙi cin abinci, ko ya karya wa Virgil haƙarƙari, ko ya ɓalle ya kamo hanyar Pruitt. Har ya tanadi amsar da zai bayar, yana bitarta a banɗaki. Tarho ya yi ta ƙara, kullum ƙanwar Nadine ce.

Da ƙanƙara ta narke ya ce zai je Vandry sayen ƙusa.

"Ƙusar garin nan ta ƙare?" in ji Nadine. Ta ɗauko jakarta. "Mu je, ni ma in ga ƙusar."

Suka tarar da Sanata a sabon shinge, cikin koren bargo, 'yan mata ɗalibai sun kewaye shi suna kitsa masa geza. Virgil na durƙushe ta hagunsa, ta hagu fa, yana ƙwaƙule masa kofato, shi kuwa ya miƙa ƙafa kamar mai jiran a sa masa lalle. Elbert ya kira sunansa. Kunne ɗaya ya motsa, shi ke nan.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce wa Nadine. "Ko rama bai yi ba. Ko don kunya."

Virgil ya miƙe da ƙyar yana dafa shinge. "Gara da ka zo. Likita ya ce in na sake gudu da ƙugun nan sai dai a kwashe ni. Ga shi yaranmu ba sa gajiya da cin maki. Ɗalibai sun gwada, ba su san riƙon igiya ba. Muna neman mai zagawa da shi ranakun Asabar. Da goge shi, da ba shi abinci kafin wasa."

"Ni?" Elbert ya nuna ƙirjinsa. "Ni, haifaffen Pruitt, in sa koriyar riga? Virgil, ka fara shan wani abu ne? Gara a binne ni a tsaye!"

"To ai shi ke nan."

"Ko a mafarki!"

"Na ji."

"Ƙarfe nawa kuke farawa?"

Shi ya sa da kaka ta zagayo, mutumin da ke shata layukan filin Pruitt daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar sai a gan shi a Vandry cikin koriyar riga da ta yi masa yawa. Dakta Whitsett ya ce Asabar ɗin mutum tasa ce. Shagon aski bai ce haka ba, sai da Nadine ta koyi aski.

Wasan ƙarshe na shekarar a Vandry aka buga, kuma duk Pruitt ta je. Elbert na tsaye a gefen kore, riƙe da igiya, yana yi wa ja addu'a a fili har na kusa da shi suna harararsa, don in Pruitt ta ci, da shi da alfadarin gida za su kwana. Vandry ta tsallaka layi. Ya jira aka gama bugu, ya ƙara jira don tabbatarwa, sannan ya ja. Suka wuce ta gaban bencin mutanen garinsu, ana yi masa ihu ana jifansa da ɓawon gyaɗa. Ya dawo bai gama mayar da numfashi ba, aka sake. Aka kuma sakewa. Kafin a je hutu gwiwar nan ta dawo da tsohuwar waƙarta, har daga benci ana jin ta.

A zagaye na biyar, da suka zo daidai inda Koci Hutto ke tsaye ya rafka tagumi, Elbert ya rage gudu, gumi na zuba, alfadari na fizgarsa gaba.

"Koci!" ya ƙwala masa. "Don Allah ku tare su mana! Sau ɗaya dai! Ƙafar nan cirewa za ta yi!"

Hutto ya buɗe baki zai ba shi haƙuri, amma Sanata bai tsaya jin bayani ba, ya ja shi suka yi gaba.